Yadda ake bin takardar tahawil har mara lafiya ya ga likitan ƙwaƙwalwa a Saudiyya

Tunda Allah Ya ba ƙanena sauƙi wayata bata huta ba. Wata zata kira tace ɗanta ne ya kwana goma baya barci, wata mijinta ne ya kulle kansa a ɗaki ya daina zuwa shugul, wato aiki, wata kuma ƙanwarta ce tunda ta haihu take ta kuka ko jaririn bata son kallo, kuma tambayar kowa ɗaya ce, ta ina kuka bi har kuka ga likitan? Shiyasa nace bari in zauna in rubuta sau ɗaya kowa ya amfana. Ni ba likita bace, yayar mara lafiya ce da ta yi kusan shekara biyu tana zirga-zirga tsakanin markaz, wato ƙaramin asibitin unguwa, da mustashfa, wato babban asibiti, a nan Jidda, kuma babban abinda na koya shine takardar tahawil, wato wadda likita yake tura mara lafiya wani asibitin da ita, bata da ƙafa. In likita yace "na tura ku" to ba a gama ba, yanzu ma aka fara, sai an samu mutum ɗaya a gida da zai ɗauketa ya bita har ƙofar da aka nufa.

Kafin maganar takarda, ku fara duba halin da mutumin yake ciki a daren nan. In yana maganar kashe kansa, ko ya tara ƙwayoyi, ko ya ɗauki wuƙa ma wani, ko ya kwana biyu uku baya ci baya sha, ko yana jin muryoyi suna bashi umarni, ko mai jego ce ta rikice tana maganganun da ba kai, wannan ba na jiran mau'idi bane, wato ranar da aka saka na ganin likita. Ku kira 997 na Hilal Ahmar, masu motar ɗaukar marasa lafiya, ko 911 in kuna yankin Makka, wato har da Jidda da Ɗa'if, ko ku sa shi a mota ku nufi ɗawari, wato sashen gaggawa na asibiti, kai tsaye, ɗawari bata neman tahawil. Kuma dan Allah kada ku ji tsoron tambayarsa ɓaro-ɓaro, "kana tunanin kashe kanka ne?" Tambayar bata saka wa mutum tunanin, sau da yawa ma ita ce take buɗe masa baki. Sannan in tsoho ne ko tsohuwa da suke lafiya lau jiya yau suka wayi gari basu gane mutane, ku kaisu ɗawarin babban asibiti na kowa da kowa, domin sau tari ciwon jiki ne ya taɓa kan, sikari ne ya sauka ko ya hau, ko ciwon fitsari, ko shanyewar ɓarin jiki, ko zafin ranar nan tamu ya busar da ruwan jiki.

In ba gaggawa bace, abu ne da ya daɗe yana cin mutum a hankali, toh ku zauna a gida ku fidda mutum ɗaya. Ɗaya fa. Mu da farko kowa yana ja ta nasa ɓangaren, Umma tana neman mai ruƙiyya, Kawu yace yasan wani daktur a wani mustausaf, mijina yana kiran abokinsa, ni ina ta latsa waya, kowa yana zaton wani ne ya riƙe maganar mau'idin alhali ba wanda ya riƙe. Wanda za a zaɓa ba lallai sai babba ba, a zaɓi wanda mara lafiyar ya yarda dashi, wanda yake jin Larabci sosai, wanda yake iya buɗe manhaja a waya kuma baya gajiya da maimaita tambaya. Ya sayi ɗan littafi da fayil na roba. A littafin ya rubuta yaushe abin ya fara, barci awa nawa, cin abinci, abinda ya canza a hali, ko an yi rasuwa ko an rasa aiki ko an rabu da mata kafin nan, ko akwai wani a dangi da ya taɓa irin haka, da duk maganin da yake sha har da na gargajiya da rubutu da abinda aka aiko daga gida. A fayil kuma hoton hawiyya (katin ɗan ƙasa) ko igama (katin zaman baƙo), katin ta'amin wato inshorar lafiya, da duk takardar da wani likita ya taɓa bayarwa komai ƙanƙantarta.

Sai kuma ku san ƙofarku, domin mu Hausawan ƙasar nan ba matsayinmu ɗaya ba. Mai hawiyya ƙofarsa markaz sihhi na unguwarsu, ana kama mau'idi ta manhajar Sehhaty a ga likitan iyali, shi ne zai duba ya rubuta tahawil zuwa iyada nafsiyya, wato sashen ganin likitan ƙwaƙwalwa, ta babban asibiti ko zuwa Mujamma'u Irada, wato asibitocin ƙwaƙwalwa da a da ake ce musu Al-Amal. Mai igama da yake aiki a kamfani ƙofarsa ta'amin, dole ne mai aikin ya yi masa, shi sai ya duba jerin asibitocin kuɗi da katinsa yake shiga ya nemi wanda yake da likitan nafsiyya, galibi ma can ana iya kama mau'idi kai tsaye ba sai an bi ta wani likita ba. Mutane da yawa suna zaton ta'amin baya biyan ciwon ƙwaƙwalwa, yana biya, tun Oktoban 2022 Majlisud Daman, wato hukumar inshorar lafiya, ya ɗaga iyakar kuɗin wannan ɓangaren zuwa riyal 50,000. Abinda yake kawo tsaiko shine muwafaƙa, asibiti zai tura buƙata kamfanin ya amince, in suka ƙi kada ku tashi ku tafi gida da ɓacin rai, ku tambayi dalilin ƙin, ku koma wajen likitan ya ƙara bayani a sake turawa. Wanda kuma ya zo umra ko ziyara, ko wanda takardarsa ta mutu, hanyarsa ta fi ƙunci gsky bazan ɓoye muku ba, mafi yawa sai dai asibitin kuɗi a biya daga aljihu, anan ne 'yan uwa da 'yan gari ya kamata su yi karo-karo kamar yadda muke yi in za a yi biki ko an yi rasuwa. Amma in rai ne a kan siraɗi a tafi ɗawari, maganar takarda a yi ta daga baya.

In kun rasa ta inda zaku fara akwai 937 na Wizaratus Sihha, wato Ma'aikatar Lafiya, dare da rana suna ɗauka. Akwai kuma 920033360 na cibiyar ƙasa ta bunƙasa lafiyar ƙwaƙwalwa, ƙwararru ne suke amsawa kyauta, suna da manhaja ma mai suna Qareeboon ga wanda yafi son rubutu akan magana. Ni na kira su tun kafin ƙanena ya yarda ya fita daga ɗaki, suka gaya min yadda zan tunkare shi ba tare da na tsorata shi ba.

Yanzu ga inda nafi so ku saurara, wato cikin ɗakin likitan markaz. Mu Hausawa akwai mu da kara da rufin asiri, likita zai tambaya yaya jiki muce alhamdulillah da sauƙi. Ranar farko ina zaune a gefe, daktur ya tambayi ƙanena me ke damunka, yaron nan da ya yi wata uku baya wanka sai an matsa masa, ya sunkuyar da kai yana murza bakin taubinsa yace "suda' bas", wai ciwon kai kawai. Likita har ya fara rubuta Panadol. Na dafa gwiwarsa nace masa da Hausa, ka yarda in faɗa masa sauran? Ya yi shiru can yace "faɗi Yaya." Sai na buɗe littafin nan na karanta, barcinsa awa biyu uku ne, ya rame wandunansa duk sun yi masa yawa, ya bar aiki, ya daina zuwa masallaci shi da baya rasa jam'i, ranar Talata yace wa Umma da ma ace baya duniya. Wallahi ina gani likitan ya ajiye biro ya juyo da kujerarsa gaba ɗaya ya fuskance shi. Kunga bambancin. Kada kuce "baya jin daɗi", ku kawo kwanaki da awanni da kalmar da ta fito daga bakinsa, domin da wannan bayanin ne likita yake yanke ko tahawil ɗin na yau da kullum ne ko na gaggawa, kuma tsakanin biyun nan akwai tazarar makonni. Zai iya sa a ɗibi jini, ku yarda, ana duba maƙoƙo wato gudda daraƙiyya da ƙarancin jini da sikari, domin suna iya kawo kasala da fargaba da suke kama da ciwon damuwa. Wani lokaci ma in abin bai yi tsanani ba likitan iyalin da kansa zai fara bada magani ya ci gaba da bibiya, wannan ma hanya ce mai kyau ba raini bane.

Kafin ku tashi daga kujerar nan ku tambayi abu huɗu ku rubuta a gabansa, wane asibiti aka tura mu, tahawil ɗin adi ne (na yau da kullum) ko ajil (na gaggawa), menene lambarsa, kuma in kwana nawa suka wuce bamu ji komai ba mu dawo. Sannan ku tsaya a wajen istiƙbal, wato teburin karɓar mutane, ku ce a karanto muku lambar wayar da take cikin malaf ɗin, wato fayil ɗin mara lafiya na asibiti. Wannan na ƙarshen shi ya cinye mana sati bakwai. Lokacin da aka rushe unguwanni irinsu Sabil da Karantina da Gulail daga ƙarshen 2021 zuwa 2022 mutanenmu da yawa sun watsu, mu ma mun tashi, kuma ashe lambar da take cikin malaf ɗin ƙanena tsohon layin Baba ne Allah Ya jiƙansa, layin da aka daɗe da rufewa. Yanzu tahawil ba takarda ake baka a hannu ba kamar da, ta kwamfuta yake tafiya, amsa kuma ta saƙon waya take zuwa. Asibitin sun karɓa, sun bada rana, saƙo ya tafi layin da ba kowa, ranar ta zo ta wuce aka rubuta bai halarta ba, mu kuma muna gida muna cewa ai layi ne da tsawo sai haƙuri. Ranar da na koma na tambaya matar ta juyo min da fuskar kwamfutar ta nuna min, na fito na zauna a kan dakalin bakin ƙofa na yi kuka mai isata, don a sati bakwai ɗin nan ne ya fi shiga wani hali. Don haka in kun canza gida ku gyara unwanul waɗani, wato adireshinku na hukuma, ku canza markaz a cikin Sehhaty zuwa na kusa daku, ku tabbatar lambar da ke ciki tana hannun mai rai kuma mai duba saƙo. Duk bayan kwana biyu ku leƙa manhajar. In sati guda ya wuce shiru ku koma da ƙafarku ku nemi munassiƙ na tahawil, wato ma'aikacin da yake bibiyar turawar, ko ku kira 937 ku bada lambar. Ku tuna aiki Lahadi zuwa Alhamis ne, in kuka bari har yammacin Alhamis toh sai wata Lahadin. In kuma jikin ya ƙara rikicewa ana cikin jira, ba a cewa ai muna da mau'idi wata mai zuwa, a koma wa likitan ya maida shi na gaggawa ko a wuce ɗawari.

Samun rana wani abu ne, kai mutum wajen kuma wani abu ne daban. Anan Hijaz in aka ce "a kai shi Shihar" kowa yasan zagi ne, kamar dai yadda ake cewa Dawanau a Kano, alhali Shihar ɗin nan na Ɗa'if asibiti ne, shi ne ma na farko na ƙwaƙwalwa a ƙasar nan. Wannan tsoron yana cikin zuciyar mara lafiyar, yana ganin in ya taka ƙofar shikenan an buga masa hatimin mahaukaci, ba mai bashi mata ba mai ɗaukarsa aiki. Ku gaya masa gaskiya, mafi yawan masu zuwa iyada zama suke minti talatin ko arba'in su karɓi magani su koma gida, ba kwantarwa ba ɗauri. Kuma ba shi kaɗai bane, binciken ƙasa da aka fitar a 2019 ya nuna kashi 34 cikin ɗari na 'yan ƙasar nan sun taɓa fama da wani nau'in wannan larurar a rayuwarsu. Abinda bana so ko kaɗan shine yaudara, a ce masa zo muje Balad sayayya sai ya tsinci kansa a gaban likita. Ranar zaku ci nasara, amma daga ranar ko ruwa kuka bashi sai ya shinshina.

Ranar mau'idi ku isa da wuri da fayil ɗinku da kwalayen magungunan kansu ba sunansu da ka ba. In mara lafiyar Larabcinsa bai nuna ba, musamman iyayenmu da suka zo da girmansu, a samo babba mai amana ya yi tafinta, kada a sa ɗan shekara goma sha biyu ya fassara wa uwarsa maganar da ko ita kunyar faɗa take. Mai fassara kuma ya faɗi abinda aka faɗa, kada ya gyara don a rufa asiri. In tace "zuciyata ce take cin wuta" ko "ana taka min kai da dare" a faɗa haka, a bar likita ya tambayi ma'ana. Bayan kun gama naku bayanin ku fita ku basu wuri, akwai abinda ƙani bazai taɓa faɗa a gaban yayarsa ba, ko mata a gaban mijinta, kuma haƙƙinsa ne likita ya riƙe masa sirri. Ku nemi ganin akhisa'i ijtima'i ma, ma'aikacin da yake duba yanayin gida da aiki da kuɗi, mutane suna wuce ofishinsa basu san amfaninsa ba, alhali shi yafi sanin hanyar takardun hutun aiki da inda ake samun tallafi.

Maganar ruƙiyya kuwa, wadda ita ce ta kusa raba kanmu a gida, Umma tana ganin in aka je asibiti kamar an bar Allah ne an kama bature. Abinda ya kwantar mata da hankali shine da ta ji cewa dokar kula da lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasar nan, wadda aka fitar a 2014, ita da kanta ta ba mara lafiya haƙƙin a kawo masa mai ruƙiyya ta shari'a in shi ko iyalinsa suna so, matuƙar ta tsaya kan Alƙur'ani da sunna. Toh kunga ba a ce a zaɓi ɗaya ba. A yi tofi, a sha zamzam, a karanta Falaƙi da Nasi, a kuma sha magani, ai Manzon Allah (SAW) yace Allah bai saukar da cuta ba sai da Ya saukar da maganinta. Wanda zaku guje masa shine mai cewa a zubar da ƙwayar asibiti wai tana ƙarfafa aljani, da mai duka, da mai shaƙe wuya, da mai turnuƙe mutum da hayaƙi a rufaffen ɗaki.

Ita dai wannan dokar ta yi bayanin yadda ake kwantar da wanda ya ƙi yarda alhali yana da haɗari ga kansa ko ga wasu. Ba dangi ne suke yanke hukunci ba, likitoci ne, ana iya riƙe shi na gaggawa har awa 72 a duba shi, in za a wuce haka sai likitocin ƙwaƙwalwa biyu sun sa hannu, kuma yana da damar ƙorafi. In aka kai ga haka kada ku ɗauka kun ci amanarsa, amma kada ku ɓace, ku tambayi lokacin ziyara da sunan likitan da ke riƙe dashi. In kuma akwai shaye-shaye a cikin lamarin, kabtagon ko shabu ko wani abu, ku gaya wa likita, ɓoyewa tana sa a bada maganin da bai dace ba. Dokar yaƙi da miyagun ƙwayoyi a sashe na 42 tace wanda ya kawo kansa neman magani, ko iyayensa ko 'ya'yansa ko matarsa ko danginsa suka nema masa, ba a gurfanar dashi kan shan, da sharaɗin a miƙa abinda yake hannunsa.

Bayan an fara magani aikin mai riƙe da littafi bai ƙare ba. Maganin damuwa baya aiki kamar na ciwon kai, yana ɗaukar sati biyu zuwa shida kafin a ga haske, kuma a kwanakin farko mutum zai iya jin tashin zuciya ko jiri ko barci mai yawa, anan ne da yawa suke yarwa suce bai karɓe su ba. A rubuta abinda aka gani a kai wa likita ya rage ko ya canza, kada a tsayar rana ɗaya, ko da an ji garau. In ta Wasfaty, tsarin rubuta magani ta kwamfuta, aka rubuta saƙo zai zo a waya aje saidaliyya, wato kantin magani, a karɓa, amma magunguna masu tsananin tsaro yawanci a saidaliyyar asibitin ake bayarwa kuma da hawiyya ko igama, kada ku ba maƙwabciya ko ƙwaya ɗaya don tace itama bata barci, laifi ne babba a ƙasar nan. In azumi ya gabato ku tambayi likita yadda za a juya lokutan sha zuwa buɗa baki da sahur, musamman mai shan lisiyom, shi yana buƙatar gwajin jini akai-akai kuma ƙishirwa tana masa illa. Duk ranar da kuka je, kada ku bar asibitin sai mau'idi na gaba yana rubuce a littafi, kuma ku lissafa ko maganin zai kai ranar, in akwai giɓin kwana biyar ku faɗa tun kuna wajen. Haka in an sallamo shi daga kwanciya, makonnin farkon nan sune mafi haɗari, a tabbatar an fito da ranar dawowa iyada ta kusa, a kwashe tarin magunguna daga ɗakinsa a riƙa bashi na rana-rana.

Saura masu komawa gida, ko hutu ko gaba ɗaya, wannan ma tahawil ne sai dai ba kwamfutar da zata kai shi, ku ne zaku ɗauka a jaka. Tun saura wata guda ku nemi taƙrir ɗibbi, wato rahoton likita, da Turanci mai hatimin asibiti, a rubuta sunan ciwon da asalin sunan maganin ba na kamfani ba da adadin da ake sha, domin sunan da yake jikin kwali a Jidda ba lallai a san shi a Kano ba. Ku nemi maganin da zai isa har a ga wani likitan, ku bar shi a kwalinsa tare da takardar saboda masu bincike a filin jirgi, haka ma mai tahowa daga gida da irin waɗannan magungunan kada ya shigo dasu ba takardar likita. Sannan ku sa wani ɗan uwa can ya je ya buɗe kati tun kafin ku sauka, in Kano ne akwai Asibitin Malam Aminu Kano da na Dawanau, in Kaduna ne akwai na tarayya da ke Barnawa, Sakkwato akwai na Kware, Maiduguri ma akwai na tarayya. Ku ɗauki hoton taƙrir ɗin ku tura masa ta WhatsApp, littafin kuma ku damƙa shi hannu da hannu ga wanda zai ci gaba da riƙewa a can.